Buhu biyu na yuriya da na sa Baba ya ƙara

Jiya na miƙa makullin babur, na bar ofishinmu na sayar da takin zamani na nan Kano bayan shekara 6 ina kai-komo tsakanin birni da Kura, Bunkure da Garun Malam. An ce in rubuta abin da na koya. To, ga wanda ya tsaya min a wuya.

A shekarata ta biyu wani dattijo a Kadawa ya kira ni gonarsa. Tun bayan kammala madatsar Tiga a 1974, da ruwa ya iso yankin, gidansu ke noman wannan fili, daga baya ya koma shinkafa kan shinkafa, rani da damina. Ya damƙo ƙasa ya murza a tafin hannu, ta zube fari-fari kamar toka. Ya ce, "Ɗana, da baƙa ce wuluk, har ƙamshi take. Yanzu ta gaji."

Ni kuwa digiri na hura min kai, ga oga ya ƙayyade wa kowa buhunan da zai sayar kafin ƙarshen wata. Na ce, "Baba, ba gajiya ba ce, yunwa ce. Ƙara buhu biyu na yuriya." Bashi ya ci ya saya.

Shinkafa ta yi kore shar, ta miƙe, mai wucewa sai ya tsaya kallo. Tana fitar da kai, iska ɗaya ta kwantar da ita cikin ruwa. Wadda ta tsira, rabinta ba ƙwaya. Bai zage ni ba. Da ya zage ni, da na fi samun barci.

Sai daga baya na kai ƙasar awo, abin da ya kamata in fara yi. Baƙin da Baba ke nema ruɓaɓɓen saiwa ne da kara da kashin dabbobi, shi ke riƙe ruwa da taki har shuka ta sha. A aji an koya mana cewa gonar da ruwa ke kwanciya tana adana shi, domin ruwa na rage saurin ruɓewa. Gaskiya ne, in an bar abin da zai ruɓe. A nan, ana girbi sai a cinna wa kara wuta ko a sayar wa masu dabbobi, buntu kuma ya tare a injinan casa. Ɗan abin da ya rage, zafin ranarmu ya cinye da zarar fili ya bushe. Yawan kwaɓa ƙasa cikin ruwa ya daskarar da ƙarƙashinta, saiwa ba ta ratsawa, ruwa ba ya tsanewa, kanwa ta fara fitowa a kan kunya. Yuriya kuwa naitirojin ce kawai, wato sinadarin da ke sa shuka kore da tsayi, kashi 46 cikin 100. Ba ta mayar da sauran abin da shinkafa ta kwashe shekara da shekaru.

A taron Litinin oga ya ce rashin ƙwarewata ce, a gaban kowa, shi da ya rubuta mana adadin buhuna da hannunsa. Na yi shiru. Har yau ban yafe wa kaina shirun nan ba.

Sauran abin da na koya kuwa, abokan aiki, ku riƙa ajiye kwafin duk umarnin da aka ba ku, kuma kar ku je gona da takalmin ofis.

Bara na bi ta Kadawa. Baba ya sa wake a rabin filin, ya daina ƙona kara, ga tsibin takin shanu a gefe. Mun gaisa sosai, har ya tambayi iyali. Bai dai sake tambayata komai game da taki ba.