Sawun ruwa a zaure: abin da fim ɗinmu na tsoro ya nuna mini

Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna a nan Argungu, da ita nake riƙe da iyalina. Amma tun ina yaro abin da ya fi kama zuciyata shi ne labarin ban tsoro, irin wanda kakata ke ba mu bayan isha'i har mu kasa leƙa tsakar gida. A hunturun bara ni da abokaina uku muka yi karo-karo muka ɗauki gajeren fim na minti tara. Labarin wani masunci ne da ya jefa homa a gurbin da dattawa suka hana, ya dawo gida wani abu na biye da shi. Kayan aikinmu waya biyu ne, da fitilar caji, da ƙaramin janareto na aro.

Fim ɗin tsoro yana rufa wa talaka asiri. Ba ya neman katafaren gida ko jerin motoci ko fitaccen jarumi. A 2013 wani ɗan ƙasar Suwidin, David Sandberg, ya ɗauki gajeren fim mai suna Lights Out shi da matarsa a cikin gidansu, bai kai minti uku ba. Mace ce ke kashe wuta ta ga inuwar mutum a lungu, in ta kunna babu kowa. A 2016 aka mayar da shi cikakken fim a Amurka. Makunnin wuta kawai ya riƙe labarin nan.

Mu kuwa muna da abin da ya fi makunni. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kogin Matan Fada da sassafe lokacin hazo, kwalekwale na fitowa daga farin ƙura ba a ganin mai tuƙi sai ya matso, ya san ba sai an ƙawata wurin ba. Ga tsofaffin kukoki, ga zaurukan ƙasa masu ƙofa gajera. Sannan masu kallonmu sun zo da tsoronsu a ƙirji. Ba sai na ɓata minti biyu ina bayanin dalilin da ya sa ba a watsa ruwan zafi da magariba ba tare da bisimilla ba, ko me ya sa uwa ke hana yaro zama gindin tsamiya da tsakar rana. Kowa ya tashi da sanin haka.

Wurin da ya fi yin kyau a fim ɗin buta ɗaya ta ruwa muka kashe masa. Matar masuncin ta fito shara da asuba, ta tarar da jiƙaƙƙen sawu a daɓen zaure, na mutum biyu, duk sun nufi cikin gida. Mijinta kuwa shi kaɗai ya shigo. Na ajiye wayar a ƙasa daidai da tsintsiya, ba kiɗa, sai ƙarar shara da ta tsaya cak. Daƙiƙa goma sha biyu na bar hoton bai motsa ba.

Inda muka faɗi, na farko murya ce. Kunnen waya ba ya zaɓe, gurnanin janareto da iskar hunturu ya fi kamawa a kan maganar mutum. Dole muka sake naɗar muryoyin a ɗakina, mun jingina katifa a taga, kuma har yau akwai wurin da baki ke gaba magana na baya. A fim ɗin barkwanci za a yafe wannan. A na tsoro rabin aikin kunne ke yinsa, da zarar sauti ya yi ƙarya mai kallo ya farka. Duhu ma ya ba mu wuya, don waya in ta rasa haske sai hoton ya cika da tsaki-tsaki kamar an watsa yashi. Daga baya muka gane gara a ɗauka bayan sallar asuba kafin rana ta ɗago, a rage hasken wajen tacewa. Hakan ya kuma raba mu da yawon dare, wanda a halin da ake ciki ba wanda iyayensa za su yarda, ko da an sanar da mai unguwa.

Babban kuskuren kuwa nawa ne: na nuna abin. A minti na bakwai muka fito da yaro an shafe shi da hoda, an yafa masa farin ƙyalle, ga gashin kanti har gadon baya, ga jinin zoɓo a baki. Da na kai wa kakata ta gani, wurin sawun nan ta yi tsit, na ji tana karanta Ayatul Kursiyyu a hankali. Da abin ya bayyana sai ta saki numfashi ta ce, "Wanga ai yaron maƙwabta na, an shafa mai gari." Maganar ta yi mini zafi don gaskiya ce. Fatalwa mai dogon gashi a fuska daga finafinan Japan da Indiya muka kwaso ta. A labaran da ita ta ba mu, aljana kyakkyawar mace ce da za ka yi ciniki da ita a kasuwa lafiya lau, sai ta juya ka ga kofato a ƙasan zane.

Ina ganin wannan cuta a yawancin gajerun finafinan da matasanmu ke sakawa a YouTube da TikTok. Ana gaggawar fito da dodo, sannan a kira malam ya yi ruƙiyya, a liƙa wuta da manhajar tace bidiyo ta CapCut, cikin rabin minti an gama. Addu'a tana da gurbinta a labarinmu, ni ma da ita na rufe nawa. Amma wanda ya taɓa zama inda ake yi wa mara lafiya karatu ya san abu ne na dare da dare, da gajiya, da 'yan uwa zaune jugum a tabarma. Wannan zaman ba wanda ke ɗaukarsa.

Na koma na yanke daƙiƙa arba'in ɗin da yaron ya fito, na bar ƙofar ɗaki tana buɗewa a hankali da ɗigar ruwa a bayanta. Na kuma sayi ƙaramar makirfo mai maƙalawa a wuyan riga. Labarin mai kofato na rubuta shi a shafi huɗu, ina jiran hazon Disamba.