Makon da garinmu ba ya barci

Shekara tara ke nan ina tuƙa tasi da dare a wani ƙaramin garin jami'a da ke arewacin Ingila, kuma ba na bukatar kalanda kafin in san ƙarshen Satumba ya zo. Ranar Asabar da safe za ka ga motocin iyaye sun yi jerin gwano daga babbar hanya har ƙofar ɗakunan kwanan ɗalibai, kowace mota maƙil da bargo da matashin kai da tukwane sababbi fil. Uba yana ta jidar akwatuna, uwa tana gyara shimfiɗar da ta riga ta gyara sau biyu don ta ƙara minti goma kusa da ɗanta. Kafin la'asar duk sun watse. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya na dare, yaran nan da aka sauke da safe sun fito titi rukuni-rukuni, kowa da zobe na roba a wuyan hannu, suna bin wani ɗalibi babba da ke riƙe da tuta yana nuna musu mashayar da za a fara da ita.

Wannan shi ne makon sababbin ɗalibai, wanda a nan ake kira Freshers. A takarda, mako ne na rajista da karɓar katin laburare da sanin azuzuwa da shiga ƙungiyoyi. Da rana haka yake kuwa. Da dare kuma kwana bakwai ne a jere na shan giya, kowane dare da gidan rawarsa da irin shigar da za a yi.

Bari in fara da abin da ya shafe ni, don kada wani ya ce na ɓoye. Ba ni da makon da nake samun kuɗi a duk shekara kamar wannan. Daga Yuni zuwa tsakiyar Satumba garin nan kamar an share shi yake, sai in yi awa biyu a tasha ban ɗauki kowa ba. Idan ɗalibai suka dawo, motata ba ta huce har asuba. Kuɗin hayar gidana na Oktoba daga wannan makon yake fitowa. Mai sayar da abinci a bakin kasuwa, mai aski, mai wankin kaya, masu gadin ƙofar mashaya, duk haka muke. Saboda haka idan na yi magana a kan wannan mako, ina yi ne a matsayin wanda ke ci daga cikinsa, kuma wannan ne ya sa maganar ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya.

Daren wata Talata, bara waccan, wajen ƙarfe uku, wasu samari uku suka tsayar da ni kusa da gada. Suna riƙe da wani yaro, ƙafafunsa na jan ƙasa. Suka tura shi kujerar baya, ɗaya ya miƙo mini kuɗi ya faɗi sunan ɗakin kwanansu, suka juya za su koma ciki. Na ce musu ba zan motsa ba sai wani ya shigo ya zauna kusa da shi. Suka tsaya kallon juna. Wata yarinya da ke gefe, wadda ba na jin tana cikin tafiyarsu tun farko, ita ce ta buɗe ƙofa ta shiga.

Ba mu yi nisa ba yaron ya fara minshari, irin mai nauyi da ke tsayawa ya dawo. Yarinyar ta ce, "Ya samu barci." Ni kuwa gabana ya faɗi, domin na tuna abin da ya faru a Newcastle a Disamban 2016. Wani ɗalibi ɗan shekara 20, a shekararsa ta farko, ya bi manyansa zagayen mashaya na shiga wata ƙungiyar ɗalibai, inda a wuri ɗaya kawai aka yi odar giyar vodka kusan kofi 100, kowane kofi awo uku. Da ya faɗi aka kwantar da shi a wani gida, ana jin minsharinsa ana cewa barci yake. A zaman binciken mutuwarsa a 2018 aka bayyana cewa wannan minsharin alama ce ta hanyar numfashi na toshewa. Tun da na karanta labarin nan ban sake jin minsharin mai maye da kunnen da ba.

Na tsaya, muka karkata shi ya kwanta a gefensa, na ce ta riƙe masa haɓa sama, na juya kan mota zuwa asibiti. A hanya na tambaye ta lambar wani nasa. Ta ce, "Ko sunan mahaifinsa ban sani ba, shekaranjiya muka haɗu a kicin." Bayan ma'aikatan jinya sun shiga da shi, na mayar da ita ɗakinsu. Tana rawar sanyi cikin 'yar riga marar hannu, na kunna mata ɗumin mota. Na ce, "'Yata, ke ma kin sha?" Ta ce kaɗan, kuma ba ta ma son ɗanɗanonta. Sai ta faɗi maganar da har yau take kaina. Ta ce tun kafin ta zo kowa ke gaya mata duk wanda ya zauna a ɗaki a makon nan, zai yi shekara uku ba shi da aboki.

Daga wannan daren na daina ganin abin a matsayin rashin tarbiyyar yara kawai, yadda da yawa daga cikin abokan aikina ke faɗa. Yaro ɗan shekara 18, wata biyu ko uku da samun damar sayen giya a doka, daren farko da ya kwana nesa da uwarsa, bai san kowa ba, tsoron kaɗaici ya cika masa ciki. A daidai makon nan kason farko na bashin ɗawainiya da gwamnati ke ba ɗalibai yake shiga asusunsa, kuɗin da bai taɓa riƙe irinsu ba. Tun cikin Agusta, da sakamakon jarrabawa ya fito, masu shirya casu sun bi shi a Instagram da Facebook suna cewa zoben shiga ya kusa ƙarewa, ya yi maza ya saya. Wasu daga cikinsu ba su da wata alaƙa da jami'ar, sunanta kawai suke liƙawa. Manya ne suka zauna suka tsara wannan, suka lissafta ribarsu. Yaron ya iso ya tarar an riga an shimfiɗa masa hanya, an nuna masa cewa abota a ƙarshenta take.

Kuma lissafin shan ba ya cikin mashaya. Saboda giyar gidan rawa na da tsada, sai su fara a kicin da kwalbar da suka sayo a babban kanti. Shawarar manyan likitocin gwamnatin Birtaniya tun 2016 ita ce kada mutum ya wuce awo 14 a mako, awo ɗaya kuwa mililita 10 ne na tsantsar barasa. Kwalbar vodka ta santilita 70 mai ƙarfin kashi 40 tana ɗauke da awo 28, wato na mako biyu cur. Na sha ganin yara biyu sun raba irinta kafin su kira ni. Hanta kuwa kusan awo ɗaya take iya sarrafawa a awa guda, shi ya sa yaro zai shiga motata yana hira da dariya, kafin mu isa ya kasa ɗaga kai, domin abin da ya sha a gida yanzu yake hawa jininsa. A Sikotilan sun sa mafi ƙarancin farashi na peni 50 a kan kowane awo a Mayun 2018, suka ɗaga shi zuwa peni 65 a Satumban 2024, don haka waccan kwalbar ba za a sayar da ita ƙasa da fam 18 da peni 20 ba. A Ingila babu wannan doka.

Sai kuma kogi. Garuruwan jami'a da yawa a ƙasar nan a bakin ruwa suke, namu ma haka. A Durham, tsakanin Oktoban 2013 da Janairun 2015, ɗalibai uku suka mutu a kogin Wear, kowannensu bayan fita dare. Hanyar bakin kogi ita ce gajeriya zuwa gida, ga duhu, ga santsi, ga ruwa mai sanyin da ke ɗauke numfashin mutum a daƙiƙun farko ko da ya iya iyo. Duk lokacin da na ga yaro shi kaɗai ya nufi matakalar da ke sauka bakin ruwa, nakan rage gudu in sauke gilashi in ce ya shigo. Wani ya shiga, wani ya zage ni. Wanda ba shi da kuɗi nakan kai shi haka nan.

Da gari ya waye kuma sai wasu su karɓi nasu rabon. Ni ina komawa gida, masu shara suna fitowa. Nakan gan su da injin fesa ruwa suna wanke amai a ƙofar shaguna, suna tsince fasassun kwalabe kafin yara 'yan firamare su biyo hanyar. A layinmu akwai wata dattijuwa da ta fi shekara 40 a gidanta. Ta gaya mini lokacin da ta tare, kowane gida da iyali a ciki. Yanzu gidaje huɗu ne kawai muka rage, sauran duk masu ba da haya sun saye sun mayar da falo ɗakin kwana, sun zuba ɗalibai biyar ko shida. A makon nan takan tafi wurin 'yarta a wani gari, domin bangonta ɗaya da gidan da ake kiɗa har ƙarfe huɗu, ga ta da ciwon zuciya. Bara ta dawo ta tarar an karya mata tukwanen furen da mijinta ya dasa kafin ya rasu. Ta tsaya tana tattara ƙasar da hannu, ba ta ce komai ba. Na taya ta, ni ma na rasa abin cewa.

Akwai wani ɓangare da mutane ba su cika sani ba. Gidan da duk mazaunansa ɗalibai ne na cikakken lokaci ba ya biyan harajin ƙaramar hukuma. Ban ce a ɗora wa yara haraji ba, bashin karatun da ke kansu ya ishe su. Amma mai gidan da ke karɓar haya daga mutum shida, da mai gidan rawa da ya sayar da zobe dubu, ba su ne ke biyan mai shara da ɗan sanda da motar asibiti daidai da abin da suka kwasa ba. Wata doka ta 2011 ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar wani kuɗi daga masu sayar da giya bayan ƙarfe goma sha biyun dare, kaso mafi yawa ya tafi wurin 'yan sanda. Newcastle ce ta fara amfani da ita a 2013, kuma har yau 'yan tsiraru ne suka bi sahu. Ni dai a ganina kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma jami'a na cikin waɗanda suka ci. Ba ya isa a ce an tura wa ɗalibai saƙon imel a kan shan hankali alhali jadawalin daren na ɗauke da tambarin ƙungiyar ɗalibai.

Waɗanda nake ganin suna askin nan tsakani da Allah su ne 'yan sa-kai na coci-coci da ake kira Street Pastors, waɗanda suka fara aiki a unguwar Brixton ta Landan a 2003. Yawancin na garinmu sun yi jika. Suna yawo har ƙarfe huɗu da ruwan sha da bargo da silifa, saboda 'yan matan da suka cire dogayen takalma suna taka ƙasa a kan fasassun kwalabe. Addininmu ba ɗaya ba, amma sau da yawa su ke tsayar da ni su ce ga wata a kai ta gida, kuma ban taɓa jin ɗayansu ya ɗaga wa yaro murya ba.

Abin da ke ƙara mini takaici shi ne yaran da kansu sun fara juya baya. Wani bincike na jami'ar UCL ta Landan da aka fitar a 2018 ya nuna cewa a Ingila, matasa 'yan shekara 16 zuwa 24 da ba sa shan giya sun ƙaru daga kashi 18 cikin 100 a 2005 zuwa kashi 29 a 2015. Ina ganinsu a motata. Wanda ya fito daga kallon fim, wadda ta je wasan ƙwallon raga da yamma, waɗanda suka taru suka yi girki. Suna da yawa, sai dai ba su da kiɗa, ba wanda ke buga musu talla domin babu ribar kirki a kansu. Sabon yaro yana leƙowa ta taga, masu ihu kawai yake gani, sai ya ɗauka su ne kowa.

Babbar 'yata tana ajin ƙarshe na sakandare, baɗi war haka ni ne zan kasance cikin jerin motocin nan da bargo da tukwane a baya, a wani garin da ban san direbobinsa ba. Kaza mai 'ya'ya ita ke gudun shirwa. Na zaunar da ita na gaya mata labarin yaron gada. Na san ba ta sha, amma za ta zauna a kicin ɗaya da masu sha. Na nuna mata yadda ake kwantar da mutum a gefensa, ƙafa ɗaya a lanƙwashe, haɓa a sama. Na ce idan ta ji irin wancan minsharin ta kira lambar gaggawa ta 999 nan take, kada ta tsaya tunanin ko wani zai shiga matsala. Ta sa ƙanenta ya kwanta a kan kafet, ta gwada sau biyu, ta tambaye ni ko hannun da ke ƙasa miƙe shi ake yi ko lanƙwasawa.