Kwabban da aka raina a Accra

Hanyar Legas zuwa Accra ba ta da labari, ban da wani jami'in kan iyaka da ya riƙe fasfona yana ta juyawa, fuska a murtuke, har direba ya raɗa mini cewa na goro yake jira. Takarduna cikakku ne, amma na bayar, raina a ɓace.

A unguwar Nima da ke Accra na sauka, gidan wani dattijo da kakansa ya zo fataucin goro daga Kano. Koko da ƙosai da safe, shinkafa da wake da rana, ko sisi bai bari na kashe ba. "Baƙonka Annabinka," in ji shi. Jikansa mai zanen allunan shaguna shi ya zagaya da ni gari.

Aikin wani mai fasaha, Yaw Owusu, ne ya fi tsaya mini a rai. Kwabban pesewa ɗaya, wato kwabon Ghana, yake tarawa, dubbai, waɗanda aka fito da su a 2007 lokacin da Ghana ta mai da tsohuwar cedi 10,000 ta zama cedi ɗaya. Yau ko mai tallar ruwa ba ta karɓarsu. Shi kuwa sai ya sa su yi tsatsa da ruwan gishiri da makamantansa, wasu su koma kore, wasu ja, ya jera su bango guda suna ƙyalli. Na daɗe a tsaye ina tuna kwabonmu. Yaushe rabon da a ba ka canjin kwabo hamsin a Kantin Kwari?

Abin da ya dame ni shi ne wurin da ake rataye irin waɗannan ayyuka. Gallery 1957, da aka buɗe a 2016, cikin otal ɗin Kempinski take, ga masu gadi, ga sanyin na'ura, farashi kuma da dala. Jikan dattijon nan ya ce mini a 2020 an sayar da zanen Amoako Boafo, ɗan Accra, fam 675,000 a Landan, alhali shi allon shagon aski sai an yi ta ciniki kafin a biya shi. Mutanen Nima da kuɗinsu ya karye, kaɗan ne ke taka ƙofar nan.

Mun leƙa unguwar La, inda Serge Attukwei Clottey ke yayyanka jarkoki ruwan ɗorawa yana ɗinke su da waya. A kasuwar Makola na sayi atamfa da tsada, tasi ma tsada, gara tiroto, ƙaramar bas ɗinsu ta haya. Na biyo ta Lome na dawo.