Takardar da aka sa wa hannu a cikin jirgi

Yau ƙanina ya maƙale min sai na taya shi aikin tarihi na makaranta, kan Turawan nan masu tsananin addini da suka bar Ingila a jirgin ruwa Mayflower a 1620. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, yankin Bajiniya da ke Amurka ta yau fa suka nufa, teku ta kai su Cape Cod, can arewa inda takardar izininsu ta kafa mazauni ba ta aiki. Nan take wasu fasinjojin da ba ƴan cocinsu ba suka ce to ai shikenan, in an sauka ba mai iko da kowa. Kafin kowa ya taka ƙasa maza 41 suka sa hannu a ƴar takarda cewa za su yi wa kansu doka kuma su bi ta, suka tsayar da John Carver gwamna.

Wallahi na ɗauka tsabar imani ne ya sa su, ashe har da tsoron rikicin junansu. Mata kuwa ba wadda ta sa hannu, su ma ƴan ƙabilar Wampanoag masu ƙasar ba wanda ya tambaye su. Su nake ta tunani tun ɗazu.