Komawa gida bayan ritaya a Faransa: lissafin da na yi kafin in sauka Tawa

Shekara 31 na yi ina aiki a Faransa, na yi ritaya a 2021, na dawo Tawa da zama a ƙarshen 2022. Tun daga lokacin, abokan zamana na can da wasu Adarawa da suka tsufa wajen biɗa a Abijan da Duwala ba su daina tambayata ba: "Alhaji, mu taho ko mu dakata?" Begen gida kowa na da shi, kuma ba shi ke yanke hukunci ba. Takardunka, lafiyarka da hanyar da kuɗinka za su riƙa iso maka, su ne ke yankewa. Dokokin da zan ambata na Faransa ne, amma tambayoyin kowa suka shafa.

Kafin ka saki ɗakinka na can, ka zo gwaji, kuma kada ka zo a Disamba. Yawancinmu lokacin sanyi muke zuwa hutu, gari ya yi daɗi, kai baƙo ne, ana yanka maka kaza. Gwajin gaskiya biyu ne: Afrilu zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 44 ko 45 kuma wuta na ɗaukewa da tsakar dare, sai Agusta zuwa Oktoba, lokacin sauro. Na yi kowanne wata uku, na ci daga fanshona kaɗai ban taɓa ajiya ba, kuma na rubuta duk abin da ya fita a littafi, har dala biyar ta sadaka. Littafin nan ya nuna mini cefane ba shi ne babban rami ba. Suna, biki, gaisuwar mutuwa, takardar magani ta ɗan uwa da kuɗin makarantar jikoki sun cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ke shigowa. Gani ya kori ji.

Sai takardu. Katin zama na shekara goma, carte de résident, yana mutuwa in ka yi shekara uku a jere ba ka cikin Faransa. Kuma tun dokar Janairu 2024, wajen sabunta shi ana duba ko ka zauna aƙalla wata shida a kowace shekara cikin shekaru ukun ƙarshe. Wanda ya dawo gida da zama ba zai cika wannan ba. Saboda haka na canza nawa zuwa katin ɗan ritaya, carte de séjour retraité. Shi ma shekara goma ne, yana ba ka damar shiga ba tare da biza ba ka zauna har shekara ɗaya a kowane zuwa, amma ba ka aiki da shi, kuma a idon hukuma mazauninka ya koma Nijar. In daga baya ka so komawa da zama, doka ta ba ka damar sake karɓar katin zama. Ka gama wannan a ofishin gwamnan yankinka kafin ka taso, domin ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairu 2024. Wanda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar can bai da wannan damuwar, kuma tun 2014 Nijar ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu.

Abu na gaba shi ne ka rarrabe abin da ke binka gida da abin da ke tsayawa can. Fanshon da ka zuba wa kuɗi, babban fansho na CNAV da ƙarin fansho na Agirc-Arrco, naka ne duk inda kake. Tallafin tsofaffi na ASPA da taimakon kuɗin haya ba sa ƙetare iyaka. Tun Satumba 2023 sai ka zauna wata tara a shekara cikin Faransa kafin a ci gaba da ba ka ASPA. Da yawa daga cikin dattawanmu na gidajen ma'aikata ba su san rabin abin da ke faɗa musu a banki tallafi ne ba, sai sun daɗe a gida a yanke, a kuma bi su bashin abin da aka riga aka biya. Ka ɗauki takardar biyanka ka karanta layi layi, ko ka sa ɗanka ya karanta maka. Abin da ya rage bayan an cire tallafi, shi ne dukiyarka ta gaskiya.

Lissafin canji mai sauƙi ne, tunda sefa a ɗaure take da yuro: yuro ɗaya kusan tamma 656 ne, wato yuro 1,000 ya haura jika 655 kaɗan. In mazauninka na haraji ya bar Faransa, ana daina cire harajin nan biyu da ake yanka a fansho, CSG da CRDS, amma ana cire kuɗin inshorar lafiya, kashi 3,2 cikin ɗari a babban fansho, 4,2 a ƙarin. A yuro 1,000 na babban fansho yuro 32 ke nan, kusan jika 21 a wata. A Disamba 2023 Nijar ta sanar da soke yarjejeniyar haraji da ke tsakaninta da Faransa, don haka mai fansho mai kauri ya nemi masanin haraji ya zauna da shi. Wanda nasa bai kai kimanin yuro 17,000 a shekara ba, harajin da Faransa ke cirewa tun daga tushe ga mazauna waje bai taɓa shi.

Asusun bankinka na can, kada ka rufe shi. Wannan na koya lokacin takunkumin CEDEAO, daga ƙarshen Yuli 2023 zuwa Fabrairu 2024, sa'ad da kuɗi suka yi wuya a bankuna aka ƙayyade abin da mutum zai iya cira. Waɗanda fanshonsu ke faɗawa kai tsaye a nan sun sha layi. Ni nawa yana faɗawa can ranar 9 ga wata, ɗana ya turo mini ta kamfanonin aiken kuɗi. Tun daga nan nake ajiye guzurin wata uku a hannu. Ka kuma riƙe lambar wayarka ta can a raye, domin banki ta nan yake aiko lambar sirri, in layin ya mutu kai da asusunka sai kallo.

Takardar shaidar rai, certificat de vie, sau ɗaya ake neman ta a shekara, kuma guda ɗaya ta wadatar wa duk kason fanshonka. Hukumar wurin da kake ce ke sa hannu da hatimi, ofishin magajin gari ko na ƴan sanda. In wa'adin da aka rubuta a kanta ya wuce ba ta isa ba, biya ya tsaya cak. In ta isa daga baya za a biya ka abin da aka riƙe, amma kafin nan ka yi wata biyu ko uku kana rance. Kada ka jira wasiƙa. Ka buɗe shafinka a info-retraite.fr tun kana can, ka riƙa sauko da takardar, a cika, ka ɗauki hotonta ka mayar ta intanet. Ka duba sunanka harafi harafi. Yawancinmu da takardar haihuwa ta kotu muka tafi, wasu an rubuta musu Mahamadou a nan, Mamadou a can, kuma bambancin harafi ɗaya ya isa a dawo da takarda.

Lafiya ita ce inda na fi daɗewa ina tunani, kuma ita nake roƙon kowa ya tsaya a kanta. Wanda ya zuba kuɗi shekara 15 ko fiye a Faransa yana da haƙƙin a yi masa magani in ya je ziyara, ta ofishin da ake kira CNAREFE. Ka yi rajista da su. Amma abin da ka kashe a asibitin Tawa ko Yamai daga aljihunka zai fita, dala ɗaya ba za su mayar maka ba. Kuma hanyar komawa ta yi nisa: Air France ba ta sauka Yamai tun Agusta 2023, sai ka bi ta Kazablanka, Istambul ko Adis Ababa. Ciwon da ba ya jiran kwana biyu, shanyewar jiki ko bugun zuciya, a nan za a yi shi a gama. Don haka na ce wa likitana ya faɗa mini gaskiya, me zai iya tasowa cikin shekara biyar. Mai hawan jini ko ciwon suga da ya daidaita zai iya zama Tawa, akwai asibitin jiha, ga kuma na Galmi ba nisa. Mai wankin ƙoda, ko wanda ake bin sa da maganin sankara, ko mai na'ura a zuciya, in zai dawo to Yamai ce, kusa da babban asibitin ƙasa, na Lamorde da Hôpital Général de Référence. Tsakanin Tawa da Yamai kilomita kusan 550 ne, ta Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, wuni guda a mota. Marar lafiya ba ya jure wannan kowane mako. Wasu kuma, in faɗi gaskiya, zamansu can ya fi musu, su riƙa zuwa wata uku a shekara, kuma ba abin kunya ba ne.

Ka sa a rubuta maka magungunanka da sunansu na asali, amlodipine, metformine, ba sunan kamfani ba, domin a kantin magani na nan da wani kwali za ka same su. Da izinin inshora ana iya ba ka na wata da yawa a tashi ɗaya, har wata shida. Kada ka sayi na hawan jini a tire a kasuwa, rana ta riga ta dafa shi. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, wanda aka buɗe kuma mako huɗu ne iyakarsa, in ɗakin bai wuce digiri 30 ba, abin da ba ya samuwa a Afrilu. Sai zazzaɓin sauro. Jikin da ya yi shekara talatin a Turai ya manta da shi, yana kama dattijo kamar yadda yake kama yaro. Gidan sauro kowane dare, kuma duk zazzaɓi a yi gwajin jini ranar, kada a kwana.

Batun gida, fili kan sayu sau biyu, kuma mu na waje aka fi yi wa haka. Filin farko da na biya ta hannun wani, da na zo na tarar da tushen ginin wani a ciki, shi ma da takardarsa. Takardar mai gari ko ta gado ba ta wadatar ba. Ka nemi takardar da hukuma ke bayarwa in ta yanka fili, acte de cession, ka je da ƙafarka a duba lambar filin a rajista, a yi ciniki gaban noter, sannan ka bi ta har ka sami cikakkiyar takardar mallaka, titre foncier. Ka je ka ga filin da damina bayan an yi ruwa mai ƙarfi. A Yamai, wanda ya ga yadda kogi ya shiga Lamorde, Kirkisoye da Saga a Satumba 2020 ba zai sayi kwari don arha ba. Kuma kada ka yi gini ta waya. Buhun siminti ɗaya bulo 30 zuwa 35 ya kamata ya ba da; in ba ka tsaye za a ja shi ya kai 50, bulon da kake murzawa da yatsa yana zuba. Ka yi ginin tsufa: ƙasa ɗaya ba bene, makewayi cikin ɗaki, ƙofa mai faɗin santimita 90 da keken marar lafiya zai shige, rufi mai silin, tagogi kudu da arewa, bishiyar dogon yaro ta yamma.

Wuta kuwa sai ka yi taka. Firiji yana cin kilowat-awa ɗaya da rabi a wuni lokacin zafi, fanka uku masu wat 70 na awa goma sun ci biyu da ɗan kai, fitilu da talabijin rabi: kilowat-awa huɗu ke nan. Faifan sola huɗu masu wat 400, batirin litiyom mai kilowat-awa biyar da inbata mai 3 kVA sun ɗauke wannan da rara. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi ita kaɗai tana jan fiye da wat 1,000, in za ka kwana da ita sai ka ninka komai. Mai hura iska da ruwa ta fi sauƙi, tana aiki sosai daga Maris zuwa Mayu da iska ke bushe, da damina ba ta da amfani. Batirin ruwa zafi ke kashe shi, kada a ajiye shi a ɗakin kwano. Faifan a wanke shi kowane mako lokacin hunturu, da sassafe kafin ya ɗauki zafi.

Kontena ba dole ba ce. Kontenata ta biyo ta Kwatano; yanzu da iyakar Benin ke rufe sai ta Lome, Burkina da Tera da rakiyar soja, lokaci da kuɗi duk sun ƙaru. In za ka yi, karɓi takardar canjin mazauni a ofishin jakadancin Nijar a Paris don duwan. Kujeru da kabad na garin katako zafi da gara sun gama da su cikin shekara biyu. Firijin Turai mai alamar N iyakarsa digiri 32, ka nemi mai alamar T da ke jure 43.

Sai iyali. Uwargida ta san ranar da za a taso da dalilinsa, kuma in jikokinta na can ka yarda za ta riƙa komawa. Ƴan uwa na nan kuma ka tara su tun makon farko, ka faɗi abin da za ka iya ɗauka a wata, buhun hatsi nawa, kuɗin makarantar wa, ka tsaya a kai. In ba ka faɗa ba, kowa da lissafin yuro zai zo maka. Ka kuma gyara takardar aurenku. In ka riga ta tafiya, matarka na da haƙƙin kashi 54 cikin ɗari na babban fanshonka daga shekara 55, in abin da take samu bai wuce iyakar da aka sa ba, da kashi 60 na ƙarin. Amma da takardar aure ta hukuma ake nema, ɗaurin aure a masallaci shi kaɗai ba ya wucewa. Ni na haɗa takardar auren, lambar inshorata, takardun fansho da lambobin shiga intanet a jaka ɗaya, na nuna wa Hajiya da babban ɗanmu inda take, ɗan kuma ya ɗauki hoton kowace ya ajiye a wajensa.