Abin da na koya a kan rufin soro bayan ɗaukewar ruwa

Na yi shekara tara ina bin kawuna, wanda magini ne a cikin birnin Zariya, kuma cikin duk abin da na koya a hannunsa babu wanda ya zauna mini a rai kamar muhimmancin da yake bai wa 'yan makonnin da ke tsakanin ɗaukewar ruwa da shigowar hunturu. A nan Zariya ruwa yakan ɗauke ne a watan Oktoba, bayan an sami kimanin milimita 1,000 a shekara, kuma Agusta ne ya fi kowane wata ruwa, sannan a cikin Nuwamba iskar arewa maso gabas ta fara kaɗowa da hazo. Yawancin masu gidaje sukan ɗauka cewa gida ya tsira da zarar damina ta wuce, shi kuwa Kawu a lokacin ne yake saɓa tsani.

Yakan ce mini, "Ɗana, hau yanzu tun sawun ruwa bai ɓace ba." Na daɗe kafin in gane nufinsa. A cikin kaka jikin gini yana ɗauke da shaidar duk inda ruwa ya bi: baƙin tabo a ƙarƙashin indararon da ya toshe, rawanin soro da ya zaizaye, gansakuka a gindin katanga, da hanyar gara da ta hau bango ta nufi azara. Idan aka bari ƙurar hunturu ta lulluɓe waɗannan alamu, sai a manta da su har ruwan farko na Afrilu ko Mayu ya sake tona asirinsu, a lokacin kuwa ɗan yoyon da kwando biyu na ƙasa zai toshe ya zama aikin sauya azara.

Akwai kuma dalilin da ya shafi ƙasar kanta. A kaka kududdufai cike suke, ciyawar da ake cuɗawa da ƙasa tana ko'ina, kuma akwai sauran laima a iska, saboda haka yaɓe yakan bushe a hankali ya kama bango. Wanda aka yi a tsakiyar Disamba kuwa samansa ke rigan cikinsa bushewa, sai ya tsattsage. Haka ma siminti, wanda dole a riƙa ba shi ruwa har mako guda. Idan yaɓen ya tsane mukan bi shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Duk wanda ya raina ginin ƙasa a gaban Kawu, sai ya tura shi ya ga Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda har yau bakunansa, wato lanƙwasassun ginshiƙan ƙasa da ke riƙe da rufin, suna tsaye.

Darasin da ya fi mini ciwo na same shi ne ta hanyar kuskurena. Wata shekara aka tura ni ni kaɗai in gyara ɗakin wata dattijuwa da ta yi kukan sanyi yana damun ta. Don in faranta mata, na toshe 'yar tagar da ke can sama kusa da rufi, na liƙe duk wata kafa a jikin ƙofa. Da sanyin Janairu ya tsananta, sai ta shiga da kaskon garwashi ta kwana da shi, da asuba jikarta ta tarar da ita da jiri da matsanancin ciwon kai, ba ta iya tashi alwala. Allah ya kiyaye, ta farfaɗo bayan an fito da ita tsakar gida. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, kuma ta wannan tagar da na toshe take fita.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Ya miƙa mini guduma, muka koma tare, na durƙusa na ce, "Iya, ki gafarce ni, laifina ne," sannan na fasa abin da na liƙe da hannuna.

Tun daga ranar, idan an kira ni gyaran kaka, nakan fara da tambayar abin da mutanen gida suke jin ɗumi da shi da dare. Nakan duba wayoyin lantarkin da ɓera ya ciza, musamman inda za a jona hitar ruwa, in kuma roƙi maigida ya janye harawa da karan dawa daga kusa da madafa, domin a hunturu komai ya bushe kuma iska tana hura wuta. Sai bayan na gama waɗannan nake hawa rufi, kuma a kowane ɗakin kwana nakan sa wa tagar sama raga saboda ƙura da sauro, in bar ta a buɗe.