Yadda na nemo ranar Dongzhi da sanda da inuwa

A kalandar gargajiya ta Sinawa, ranar da dare ya fi tsawo a shekara ana kiranta Dongzhi, tana faɗowa ne tsakanin 21 da 23 ga Disamba. Lokacin da nake karatu a Nanjing na ga yadda ake ji da ita: 'yan arewacin ƙasar su ci jiaozi, wato kwaɓin fulawa mai nama a ciki, 'yan kudu su ci tangyuan, 'yan curi-curin garin shinkafa a ruwan zaƙi. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mutanen da suke gane ranar ba agogo ba na'ura. Da na ji cewa da inuwar sanda ne, sai na ce ai wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya koyi lokutan salla a zaure, inda aka nuna mana zawali da inuwa. A hunturun 2023 na ɗaura aniyar gwadawa da hannuna.

Na samo sandar ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, na kafa ta a rufin ginin da muke kwana, na rataya zare da ƙusa a bakinsa don in tabbatar ta tsaya cak. Sandar da masanan Sin suka saba amfani da ita tsawonta chi takwas ne, a ma'auninsu na da. Abin da ake nema shi ne tsawon inuwa daidai zawali, kuma agogo ba ya ba da wannan. Ƙarfe sha biyu na agogon Beijing daban, tsakar ranar Nanjing daban, sannan tsakar ranar ma matsawa take yi: a ƙarshen Nuwamba tana riga sha biyu, a Janairu tana zuwa bayanta. Don haka na ja layi da alli daga gindin sandar zuwa arewa sak, ina awo ne sa'ad da inuwar ta hau layin.

Da na ƙura wa bakin inuwar ido, sai na ga ba ta da iyaka tsayayya. Baƙinta yana dushewa ne a hankali har ya narke cikin haske, dushewar ta kai faɗin yatsu biyu. Ina za ka ɗora tef? Wannan matsalar ce ta sha wa masanin taurari Guo Shoujing kai a ƙarni na 13, shi da ya gina hasumiyar Gaocheng a Dengfeng ta lardin Henan da ma'auni mai tsawon chi 40. Maganinsa shi ne farantin tagulla mai 'yar huda, wanda yake sauko da surar rana ƙasa, sandar da ke gicciye a saman hasumiyar ta fito a tsakiyarta siririya tas. Na kwaikwaye shi iya ƙarfina: na huda murfin gwangwani da ƙusa, na ɗaure a kan sandata, na koma sa alama a tsakiyar ɗigon hasken da ke sauka a siminti.

Babban darasin ya zo ne a tsakiyar Disamba. Inuwar ta kai kusan mita ɗaya da rabi, sai ta tsaya. Alamar yau ta hau kan ta jiya, ta gobe ta hau kan ta yau, bambancin bai kai kaurin bakin fensir ba. Wanda duk ya ce zai zauna ya jira ranar da inuwa ta fi tsawo ya nuna ta da yatsa, to zai sha zama. Ga kuma gajimaren Nanjing, wanda kan rufe rana a daidai lokacin da ka fi bukatarta.

A wannan birnin ne, sa'ad da ake kiransa Jiankang, masanin taurari Zu Chongzhi ya warware matsalar a shekarar 461. Dabararsa ita ce barin ranar kanta a auna gefunanta biyu. Makonni uku kafin Dongzhi da makonni uku bayanta inuwa tana sauyawa da sauri, a sandata kusan milimita takwas kullum, abin da ido ke gani sarai. Ya auna ranar 10 ga watan goma na kalandar Sin, sannan ya auna 25 da 26 ga watan sha ɗaya. Inuwar farko ta faɗa tsakanin biyun na baya, sai ya lissafa lokacin da inuwar dawowa ta yi daidai da ta tafiya, ya raba tazarar biyu. Tsakiyar ta ba shi 3 ga watan sha ɗaya, kashi 31 cikin 100 na yinin bayan tsakar dare. Kamar mai neman tsakiyar igiya ne, ba sai ya auna ta taku-taku ba, ninke ta zai yi baki ya haɗu da baki. Da irin wannan awo ya sa tsawon shekara kwana 365.2428 a kalandarsa ta Daming, wadda ba a fara aiki da ita ba sai a 510, bayan rasuwarsa. Guo Shoujing ya bi hanyar, kalandarsa ta Shoushi ta 1281 ta ba da 365.2425.

Haka na yi da alamun ƙarshen Nuwamba da na tsakiyar Janairu. Lissafina ya faɗa kan 22 ga Disamba, kalanda kuma ta ce 22 ga wata da ƙarfe 11:27 na safe. Sa'ar ba zan iya kamo ta da sandar mita ɗaya ba, amma ranar ta zo daidai, kuma na yi murna ƙwarai.

A nan na fahimci cewa Dongzhi daƙiƙa ce guda, ranar kuwa ita ce duk wadda daƙiƙar ta faɗa cikinta. A yau cibiyar nazarin taurari ta Zijinshan da ke Nanjing ce ke lissafa ta, a matsayin lokacin da rana ta kai digiri 270 a kan hanyarta ta shekara, sannan a duba agogon Beijing. Shi ya sa a 2022 Sinawa suka yi Dongzhi ranar 22 ga Disamba da ƙarfe 5:48 na asuba, alhali a Najeriya a wannan daƙiƙar ƙarfe 10:48 na daren 21 ne. Kafin 1645 ana kafa Dongzhi ne a raba shekara zango 24 daidai wa daida daga gare ta. Kalandar Shixian, wadda Bajamushe Adam Schall ya yi aiki a kanta, ita ta koma bin ainihin matsayin rana, digiri 15 kowane zango.

Duk wannan wahalar ba don cin jiaozi kaɗai aka sha ta ba. Watannin Sinawa na wata ne, suna farawa ranar da wata ya haɗu da rana bisa lissafi, ba a jiran ganin jinjiri kamar yadda muke yi a Hijiriyya. Abin da ke hana su zagaye damina da rani kamar azuminmu shi ne doka ɗaya: watan da Dongzhi ta faɗa cikinsa dole shi ne na sha ɗaya. Idan aka ƙirga daga wannan watan zuwa irinsa na gaba aka sami sha uku maimakon sha biyu, sai a duba manyan zanguna sha biyu daga cikin 24 ɗin nan (ana ɗaukar ɗaya a tsallake ɗaya, an fara da Dongzhi), watan farko da babu ko ɗaya a cikinsa shi ne na ƙari, yana maimaita lambar watan da ya gabace shi. Kuskuren sa'o'i kaɗan a Dongzhi, in ta zo dab da kamawar wata, zai iya sauya lambar wata, ya ja Sabuwar Shekara gaba ko baya. A 2033 wannan dokar ce za ta sa a maimaita watan sha ɗaya, abin da ba kasafai yake faruwa ba.

Ga mai son gwadawa a Kano ko Zinder, sandar za ta yi aiki, don a Disamba ne inuwar zawali ta fi tsawo a can ma, tana fuskantar arewa. Ya fara tun tsakiyar Nuwamba, ya zaɓi daɓe lafiyayye, kada ya taɓa sandar har ƙarshen Janairu, kuma ya yi awo duk ranar da hazo ya ɗaga.